Sinki Ba Bola Ba Ne: Injin Markaɗen Shara, Kitse da Kwatar Unguwarmu

  Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da masu son su ajiye su karanta a tsanake.

Yau kicin za mu shiga. Na san wani zai ce haba, ana fama da tsadar rayuwa da rashin aikin yi, mu kuma sai maganar sinki? Ka yi haƙuri ka biyo ni. Kafin mu gama za ka ga yadda wannan ɗan ramin da ake wanke-wanke a kansa ya haɗa aljihunka, da lafiyarka, da zamanka da maƙwabcinka.

Tambayoyi biyu ne suka jawo maganar. Ta farko daga wata 'yar'uwarmu ce da ke karatu a Amurka. Ta kama haya, ta tarar da wani makunni a bango kusa da sinki, in ta danna sai wani abu ya kama ruri a ƙasa. Aka ce mata ai na niƙa sauran abinci ne. Ita kuwa ta kankare tukunyar tuwo da ragowar miyar kuɓewa mai manja ta tura masa. Washegari ruwa ya tsaya cak, ga wari, ga masu gida na maganar za su cire kuɗin gyara daga kuɗin ajiyarta. Ta biyu kuma daga wani ɗan'uwa ne da ke gini a nan gida. Ya ga injin a TikTok, ya burge shi, yana so ya sa wa amarya. Yana tambaya, ya saya ko ya bari?

To bari mu fara da shi kansa injin.

Amurkawa suna kiransa disfozal. Ni dai injin markaɗen shara nake ce masa, don shi ne sunan da ya fi kama da aikinsa. A ƙarƙashin sinki ake ɗaura shi, tsakanin ramin da ruwa ke bi da bututun da ke fita waje. Wani mai zanen gine-gine, John Hammes, shi ya ƙirƙiro shi a 1927 a garin Racine na jihar Wisconsin, kuma kamfanin da ya kafa, InSinkErator, har yau yana nan yana ƙera shi. Kusan rabin gidajen Amurka suna da shi. A Ingila kuwa ko gida ɗaya cikin goma bai kai ba. Ko a Amurkar ma ba ko'ina aka karɓe shi hannu bibbiyu ba. Birnin New York ya daɗe da hana amfani da shi a yawancin unguwanninsa, don tsoron kada ya cika musu magudanan ƙarƙashin ƙasa, sai a 1997 aka ɗage dokar. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mutane da yawa sun ɗauka wuƙaƙe ne a ciki kamar na bilenda. Babu wuƙa ko ɗaya. Abin da ke ciki wani faifan ƙarfe ne da mota ke juyawa da gudu, sama da zagaye 1,500 a minti ɗaya. A kan faifan akwai 'yan kunnuwa guda biyu na ƙarfe. Su ne ke watsa abinci jikin wani zobe mai kaifi-kaifi da ke tsaye a gefe, kamar dai abin goga kuɓewa. Abincin ya yi ta gurzuwa har ya zama ƙanana, ruwa ya kwashe shi ya wuce ta 'yan ƙofofin zoben.

Kun ga ke nan injin ba ya ɓatar da komai. Farfasawa kawai yake yi. Mai ɗaukar kayan shi ne ruwa, hanyar kuma bututu ne da faɗinsa bai wuce inci ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin karatun. Tambayar da za ki riƙa yi wa kanki ita ce: wannan abin da zan zuba, bayan an niƙa shi, ruwa zai iya tafiya da shi, ko zai kwanta a hanya?

Yadda ake amfani da shi kuwa, jeri ne mai sauƙi, amma jerin yana da muhimmanci.

Da farko ki buɗe famfo, ruwan sanyi, ya riƙa zuba sosai. Sannan ki kunna injin. Sannan ki riƙa tura abincin kaɗan-kaɗan, kada ki juye kwano guda a lokaci ɗaya. Za ki ji ƙarar niƙa, in ya gama sai ƙarar ta koma sumul. Ki kashe injin, amma ki bar ruwan yana zuba kamar daƙiƙa 15, don ya raka abin da aka niƙa har ya fita daga bututun gidan. Ruwa ne farko, ruwa ne ƙarshe.

Me ya sa ruwan sanyi? Ai mu a saninmu ruwan zafi ne maganin maiƙo. Gaskiya ne, amma a jikin kwano. A cikin bututu labarin daban ne. Ruwan zafi yana narkar da kitse, kitsen ya bi ruwa ya yi 'yar tafiya, ya isa inda bututun ya yi sanyi, ya daskare a can inda hannu ba ya kaiwa. Ruwan sanyi kuwa yana sa ɗan maiƙon da ya maƙale a abinci ya taurara, injin ya farfasa shi, ya wuce a matsayin gutsattsari.

Yanzu ga inda 'yar'uwarmu ta gamu da matsala. Wanda ya ƙera injin nan bai san tuwo ba. Don haka bari in lissafa da abincinmu.

Na ɗaya, mai da kitse. Manja, man shanu, kitsen rago, romon kai da ƙafa da ya kwana, man da aka soya kaza da shi. Kowa ya ga yadda manja ke daskarewa a galan lokacin hunturu, har sai an kai shi rana. To ki ƙaddara haka yake yi a bututu, balle a garin da ƙanƙara ke zuba. Man gyaɗa ma da ba ya daskarewa yana shafe cikin bututun, duk abin da ya zo wucewa ya manne.

Na biyu, masu kumbura da masu danƙo. Tuwo, shinkafa, taliya, garin rogo, sakwara, bawon dankali da na doya. In aka niƙa su da ruwa, me aka samu? Koko aka dama, mai kauri. In ya kwanta a gwiwar bututu ya haɗu da maiƙo, ya zama kamar kwaɓin siminti.

Na uku, masu zare. Bawon masara, ɓawon ayaba, bawon albasa, tsinken alayyafo, totuwar rake. Zaren yana naɗe faifan kamar yadda leda ke naɗe sarƙar keke.

Na huɗu, masu tauri. Ƙashin sa ko na rago, ƙwallon dabino, ƙwallon mangwaro. Ƙananan ƙasusuwan kifi ba sa gagararsa, amma ƙashin miyar kai zai tsayar da shi.

Na biyar, masu kwanciya kamar yashi: garin kofi da ganyen shayi masu yawa. Sai kuma abin da ba abinci ba kwata-kwata, irin su leda, tsinken sakace, murfin kwalba, takardar magi, da ƙaramin cokali da ke zamewa ciki ba a sani ba.

To me ya rage ke nan? 'Yan guntattakin da ke jikin faranti bayan an kankare shi a kwandon shara. Ɗan tumatir, ɗan ganye, 'yan ƙwayoyin shinkafa. Wannan shi ne aikinsa. Kwandon shara ne babba, injin ɗan aikensa ne.

In kuma ya riga ya tsaya fa? A nan ina so kowa ya buɗe kunne. Kada hannunka ya shiga ramin nan. Ko an kashe makunni, kada ya shiga. Yaro na iya zuwa ya danna, kai kanka gwiwar hannunka na iya taɓawa. Ka fara zare filogi a ƙarƙashin sinkin, in babu filogi ka kashe layin daga akwatin wutar gidan. Sannan ka haska da fitilar waya, ka ciro abin da ya maƙale da filaya ko abin juya nama.

Sai ka lura da abin da injin ya yi lokacin da ka kunna shi. In yana gurnani amma ba ya juyawa, wani abu ne ya cije faifan. Ka kashe nan take, don in ka bar shi yana gurnani motar za ta ƙone. A ƙasan injin, daidai tsakiya, yawancinsu suna da wani rami mai kusurwa shida. Alanki mai kwatan inci ake sawa, a juya dama da hagu har faifan ya saki. In naku ba shi da ramin, muciya ma ta isa: a zura ta ta sama, wuta a kashe, a tokari kunnen faifan a tura.

In kuwa shiru ka ji, ko gurnanin babu, to injin ne ya kashe kansa saboda zafi. Akwai wani ɗan jan maɓalli a ƙasansa. Ka jira minti biyar zuwa goma ya huce, ka danna.

In injin yana juyawa lafiya amma ruwa ba ya tafiya, matsalar tana bututu. Ka samo robar nan mai mariƙin katako da ake tsotso toshiya da ita, ka tara ɗan ruwa a sinkin, ka danna ka ja sau da yawa. In sinkin mai baki biyu ne, ka toshe ɗaya bakin da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba iskar ta can za ta fita. In bai yi ba, ka sa bokiti a ƙasa ka kwance gwiwar bututun ka zazzage ta. Kada ka zuba masa ruwan sinadarin buɗe bututu. Yana cin robobi da ƙarfen injin, kuma in bai buɗe ba, ka tara tafkin guba ke nan wanda zai fallatso wa duk wanda ya zo gyara.

'Yar'uwa, ke da kike haya, shawarata ki kira masu kula da ginin da wuri, ki faɗa musu abin da ya shiga ciki. Ki duba takardar yarjejeniyar hayarki ki ga me ta ce game da gyara. Toshiyar kwana ɗaya ƙaramin aiki ce. Wadda aka ɓoye har ruwa ya jiƙa katakon kabad ko ya ɗiga wa na ƙasa, ita ce ke cinye kuɗin ajiya.

Maganar wari kuma, yawanci daga ƙarƙashin baƙar robar bakin ramin yake fitowa. Ki zare filogi, ki ɗaga robar ki goge cikinta da tsohon buroshi da sabulu. Ki jefa 'yan ƙanƙara ki niƙa da ruwan sanyi, suna kankare jikin zoben. Ɗan ɓawon lemon tsami da aka yayyanka ƙanana yana kawo ƙamshi.

Yawwa. Mu dawo gida wurin ango.

Ɗan'uwa, kafin ka saya ka amsa tambayoyi huɗu.

Ta farko, ina ruwan sinkinka zai tafi? A biranen Amurka bututun gida yana shiga babban bututun gari, ya tafi matatar da ake tace ƙazamin ruwa. Duk da haka ka ji New York ta yi shekaru tana ɗari-ɗari. Mu a nan fa? In ka cire wasu sassan Abuja da ke haɗe da matatar Wupa, yawancin gidajenmu ruwan kicin ko dai ya shiga sokawe, ko ya bi rariya ya faɗa kwata a ƙofar gida. In sokawe ne, niƙaƙƙen abinci zai cika maka shi da wuri, ya toshe ƙofofin da ruwa ke tsotsewa, ka yi ta kiran motar kwasa. In kwata ce, to ka sayi injin da zai riƙa dama wa ɓeraye da ƙudaje kunu a ƙofar gidanka da ta maƙwabcinka.

Ta biyu, ruwa. Injin nan ba ya aiki sai famfo na zuba. Gidan da ake sayen jarka a wurin 'yan garuwa, ko ake jiran wuta kafin a tura ruwa tanki, zai iya sakin famfo don raka guntun shinkafa?

Ta uku, wuta. In an ɗauke, abin da aka tura ciki yana nan yana ruɓewa har a kawo. Kuma wanda aka ƙera don Amurka na wuta mai ƙarfin 120 ne, tamu kuwa 230 ce. In wani ya aiko maka da shi ka jona kai-tsaye, ƙauri za ka ji.

Ta huɗu, in ya lalace wa zai gyara, kuma ina kayan gyaran?

Ni a ganina, ga yawancin gidajenmu, amsar ita ce a bari. Kada a yi wa rogo kallon kitse. Kuɗin injin ka sa su a bututu mai kyau da ma'aikaci mai kyau. Ka tsaya a kan mai gyaran famfo ya ba bututun kicin gangara, kamar santimita 2 a kowace mita, ya rage yawan lanƙwasa, ya bar wurin da za a iya buɗewa a zura waya. Sannan a gina 'yar camba a bayan kicin mai shamaki a tsakiya, inda ruwa zai ɗan tsaya, maiƙo ya taso sama, dauɗa ta kwanta ƙasa, ruwan ya wuce ta tsakiya. Duk mako ko biyu a ɗaga murfi a kwashe. Tun ran gini ran zane.

Kuma in muka duba da kyau, gidan Bahaushe ya daɗe da nasa injin. Ƙanzo ana jiƙa shi a ci ko a shanya. Tuwon jiya ɗumame ne. Ƙasari da dussa na awaki ne. Bawon doya da na dankali na tumaki, guntun shinkafa na kaji. Abin da ya rage ya tafi juji, manoma su zo da jakuna ko kura su kwashe ya zama taki. Kakanninmu ba sa wanke tukunya mai maiƙo sai sun fara goge ta da toka. Babu abin da ke shiga rariya sai ruwa. Mu ne da muka koma gidajen tayil da sinki muka ɗauka ramin nan ya san inda zai kai komai.

Saboda haka ko ba ka da injin, wannan ɓangaren naka ne. Ga abin da nake roƙon kowane gida ya yi.

A sayi 'yar rariyar ƙarfe ta bakin sinki, wadda ke tare guntattaki. Ba ta da tsada, kuma ita kaɗai ta isa ta hana yawancin toshiya. A kankare kowane kwano a kwandon shara ko a kwanon dabbobi kafin ya ga ruwa. Tukunyar miya da kaskon suya a bari su huce, a goge da tsohuwar takarda ko toka, sannan a wanke. Man suya da ya gaji a juye a gwangwani ko gorar roba, a rufe. Lokacin layya musamman, da ake suya kwana biyu ana wanke kayan ciki, kada ruwan kitse da na tumbi ya bi sinki. A haƙa ɗan rami a zuba, a rufe da ƙasa. Abincin da bai lalace ba kuma, jama'a, akwai mai buƙatarsa a layinku. A halin da ake ciki, tura shinkafa mai kyau cikin bututu almubazzaranci ne.

A ƙarƙashin kowane sinki akwai wata gwiwa, ko mai kama da harafin U, ko mai kama da kofi wadda aka fi sawa a nan. Kullum akwai ɗan ruwa a kwance a cikinta, kuma da gangan aka yi haka, don ruwan ne ke tare wari da kyankyasai kada su hawo. A nan yawancin toshiya take farawa. Da hannu ake kwance ta. Ka sa bokiti, ka murɗe, ka zazzage, ka wanke, ka mayar da robarta daidai. Aikin minti goma ne, kuma mace ko namiji kowa zai iya. Da ka ga ruwa ya fara tafiyar hawainiya, ko sinki na ƙugi in ruwa zai wuce, lokacin ke nan. Kada a jira ya tsaya.

Sai gargaɗi biyu. Tafasasshen ruwa kai-tsaye daga wuta yana iya laushe farin bututun roba ya saki gam ɗin mahaɗarsa. Ruwa mai ɗumi sosai da sabulun wanke-wanke ya wadatar. Na biyu ya fi wannan haɗari: soda. Mutane suna zuba sodar yin sabulu a bututu, wasu har da ruwan batir. Soda in ta haɗu da ruwa zafi take yi, tana iya tafasa ta fallatso, kuma ɗigo ɗaya a ido na iya makantar da mutum. Haka nan kada a taɓa haɗa Hypo da ruwan batir ko da sinadarin wanke masai mai asid. Haɗin yana fitar da iskar kulorin, wadda ke ƙona huhu, a ɗan ƙaramin kicin ko banɗaki marar taga kuwa abin ba kyau.

Yanzu bari in gaya muku dalilin da ya sa ni, da na saba yi muku maganar matasa da shugabanci, na ɓata shiri guda a kan sinki.

A watan Satumban 2017, ma'aikatan ruwa a Landan suka gano wani dutsen kitse a magudanar ƙarƙashin unguwar Whitechapel. Tsawonsa mita 250, nauyinsa tan 130. In kana son ka gane, buhun siminti 2,600 ke nan, lodin tirela huɗu da ɗoriya. Kitse ne da man girki suka haɗu da tsummokin goge jarirai da kunzugu, suka taurare kamar kankare. Sai da aka yi mako tara ana fasa shi. A 2018 har gidan tarihin birnin ya ajiye wani gutsure mutane suna zuwa kallo. Babu mutum ɗaya da ya zuba tan 130. Cokali-cokali ne, daga gidaje da gidajen abinci, kowa yana cewa ɗan wannan ai ba komai.

Su nasu a ɓoye yake a ƙarƙashin titi. Mu namu a fili yake, muna tsallake shi kullum. Ku leƙa kwatar layinku. Wannan baƙin taɓon mai ƙyalli da ke ƙasa, maiƙo ne da guntun abinci da yashi. Shi ke kama ledar fiya wata, leda ta kama robar lemo, roba ta kama tsumma, sai ga madatsa. Ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. A unguwanni da yawa bututun ruwan sha ta cikin kwatar ya bi, in ya tsage ƙazanta ta shiga, daga nan sai a ji amai da gudawa ya ɓulla. In damina ta zo, ruwan da bai samu hanya ba zai nemi tasa, kuma gidan ƙasa da ke gangare shi ke fara biya. Sau nawa maƙwabta suka kai juna gaban mai unguwa a kan ruwan rariya?

A Kano, ruwan unguwanni da yawa na cikin birni Jakara yake gangarawa, ya tafi har dam ɗin Wasai. A bakin wannan ruwan akwai masu lambu da ke ban-ruwan latas da alayyafo da kabeji, su kawo kasuwa mu saya. Abin da ya fita ta rariya yana da hanyar dawowa ta ƙofar gida.

Ban ce kowace ambaliya laifin kicin ba ce. Abin da ya faru a Maiduguri a Satumban 2024 fashewar dam ɗin Alau ne, wannan magana ce ta hukuma. Gina manyan magudanai, da kwashe shara a kan lokaci, da hana gini a hanyar ruwa, duk haƙƙinmu ne a kan gwamnati, kuma ba za mu daina tambaya ba. Amma wanda zai je ya tambaya, bakinsa ya fi kaifi in kwatar ƙofar gidansa tana gudu. Ƙungiyoyin matasa da ke fita yashe kwata ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, Allah ya saka muku. Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe shebur a aikin nan ya san ciwon: ka yashe yau, bayan mako uku ta koma yadda take, saboda ba a taɓa inda abin ke fitowa ba. Kuma in an yashe a bar tulin a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi. A haɗa yasa da kwashewa, a haɗa da shiga gida-gida ana bayani. A yi wa masu abincin sayarwa da masu suyar awara da ƙosai da mahauta magana cikin mutunci, don su ne suka fi kowa yawan mai da kitse, kuma yawancinsu ba wanda ya taɓa nuna musu wata hanyar.

Wani abu kuma, samari. Kada a mayar da wannan maganar mata. Kowa yana cin abinci a gidan. In kai ne ka gama cin tuwo ka tura kwano da sauran miya cikin sinki ka yi gaba, kana cikin masu toshe shi. Kwance gwiwar bututu da kwashe camba ba sa rage wa kowa girma. Umma da ƙannenka mata sun gaji da tsoma hannu a ruwan da ya kwana.

Ga aikin gida na wannan makon, guda uku. Ka sayi rariyar bakin sinki, in kuma tsakar gida ake wanke-wanke, ka sa 'yar raga a bakin rariyar. Ka ajiye gwangwani ɗaya kusa da murhu na tsohon mai. Sannan ka ɗebi bokitin ruwa ka zuba a inda ake wanke-wanke, ka fita waje ka bi shi da ƙafa, ka ga inda ya tsaya da ƙofar gidan wanda ya tsaya. Abin da ka gani ka turo mana, da sunan unguwarku, za mu karanto wasu a shiri na gaba.

'Yar'uwarmu ta Amurka, Allah ya ba da sa'ar karatu, ya tsare miki kuɗin ajiyarki. Ango, Allah ya sa a gama gini lafiya, ya sanya albarka. Sauran jama'a, ku tura wa wanda kuka san sinkinsu na ƙugi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.